Malam Nababa Ya Ajiye Magagari

A da, da hantsi Malam Nababa kan shimfiɗa buzunsa a gindin ɗorawa, ya jera magagari da awartaki da 'yar kwalbar mai, ya zauna yana kallon dajin Kamuku da ke kwance can nesa, shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi. Tun yana saurayi yake gyaran tsofaffin bindigogin maharba a Birnin Gwari. Bana idonsa ya yi rauni, ya ce ya huta.

Idan an kawo masa bindiga ba ya saurin kwance ta. Sai ya ɗora ta a cinya, ya shafa, ya ƙwanƙwasa bakinta da farce, ya karkata kai yana saurare. Daga nan ya faɗi zamanin da aka ƙera ta, da abin da za ta yi a kasuwa. Wani lokaci yakan lumshe ido har ka ɗauka barci ya sace shi.

Ina wurin ranar da Rhoda ta zo. 'Yar marigayi Lazarus ce, maharbin Kusasu. Da suka gudo daga ƙauye, abin da ta iya ɗaukowa na mahaifinta ke nan, bindiga mai baki biyu, naɗe cikin tabarma, ƙotarta a tsage.

Ta ce, "Baba, sayar da ita zan yi. Ka duba mini."

Ya daɗe yana shafa ƙotar. Ya ce, "Wannan ta girmi mahaifinki, ta kakanki ce. Amma 'yata, mahaifinki bahago ne?"

Rhoda ta dafe baki. Tana ƙarama ya rasu, ta manta.

Ya nuna mata gefen da itacen ya suɗe. "Nan yake kwantar da kuncinsa. Dubi yadda ya yi santsi, kunamar da ake ja a yi harbi kuwa ba ta ci ba. Mutum ne mai yawan jira, mai ƙarancin harbi."

Ta ɗora kuncinta a wurin, ta rufe ido. Ta fasa sayarwa. Ya ɗaure mata ƙotar da jan ƙarfe, ya cire abin da ke tayar da harsashi kamar yadda ta roƙa. Yanzu bindigar tana rataye a ɗakinta.

Mutanen Saminaka kuma suna ba da labarin wasu baƙi da suka fito daga daji da rana tsaka, suka zube masa bindigogi lokacin yana zaune can. Ya dube su ya ce, "Ni na maharba na iya. Waɗannan ba nama suke nema ba." A makon suka ƙone masa rumfa. Ya dawo Birnin Gwari da kayan aikinsa a buhu, bai taɓa ba ni labarin da bakinsa ba.

Baba Nababa, kai ne maƙerin da ya san abin da zai gyara da abin da zai bari. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Masu sana'a, ku je ku gaishe shi tun yana nan, ku koyi halinsa. Har yanzu yana fitowa gindin ɗorawar, hannu a cinya, kuma da muryarka zai gane ko ɗan wane ne kai.