Zoɓon Nababa a Jirgin Tsoho Liang

Nababa mutumin Fagge ne, amma ya daɗe a Guangzhou har ya fi sanin lungunan Dengfeng a kan na unguwarsu. Sana'arsa rakiya. Ɗan kasuwa zai sauka daga Kano, Nababa ya tarye shi, ya kai shi Xintang sayen wandunan jins ko Canaan sayen riguna, ya tsaya masa wajen ciniki da ɗan Sinancin da ya tsinta a bakin shaguna. Da wannan yake ci. Amma ba da shi aka san shi ba. In ka ambaci Nababa a Dengfeng, sai a tambaye ka ko mai shuɗiyar kular nan kake nufi.

Mahaifiyarsa zoɓo take sayarwa tun yana ƙarami, kuma a gindin tukunyarta harshensa ya waye. Da ya zo China ya tarar da zafi mai sa riga ta manne a baya, ga mutanen gari ko da rana tsaka shayi mai tururi suke miƙa wa baƙo. Ya daɗe yana roƙon matafiya su riƙo masa zoɓo daga gida, har ranar da ya hango shi a kantin maganin gargajiya, cikin kwalba, kusa da wasu saiwoyi. Mai kantin ta auna masa a ɗan ma'auni kamar mai sayar da gwal, ta ja masa kunne kada ya zuba da yawa a kofi. Nababa ya tambaye ta ko tana da buhu.

Ranar Lahadi da la'asar yakan tara baƙinsa ya kai su wani reshen kogin Zhujiang a bayan gari, inda wani dattijo mai suna Liang yake da ɗan jirgi mai rumfa da inji mai yawan tari. Jirgi na barin gaɓa Nababa zai buɗe kula. Yana da haɗi iri-iri, kuma bai yarda a yi wani abu mai wuya a kan ruwa ba: a zuba, a girgiza, a sha. Akwai zoɓo da citta da 'ya'yan lici, wani ɗan itace mai zaƙi na ƙasar, da ya ɓare tun a gida. Akwai ruwan rake da lemon tsami da na'ana'a, wanda ya fi ba mai jin jiri. In ya sami tsamiya sai ya haɗa ta da lemon kwalba mai gas, ya yaryaɗa ɗan barkono a bakin kofi. Ran da kayan haɗi suka yi ƙaranci kuwa sai ya juye duk abin da ya rage wuri guda, ya kira shi Meyo, wato kalmar da masu shago suke cewa in babu kaya. Abin haushi a wurinsa, Meyo aka fi nema.

Cikin masu shiga jirgin ba wanda ya kai Hajiya Zulaiha, mai sayar da mayafai a Kwari. Tsoron ruwa gare ta sosai. Za ta shiga tana addu'a, ta rungume sandar rumfa, ta rantse wannan ne na ƙarshe. Amma da ta sha kofi ɗaya na mai citta cikinta ya kwanta, sai baki ya buɗe. Ta kwaikwayi mai shagon da ya yi mata rantsuwa mayafi ba ya zuba, ta kwaikwayi mijinta a waya yana tambayar inda aka ajiye hularsa. Mutane su yi ta dariya har wasu su zame daga benci, wanda ya miƙe kuma jirgi ya sa shi tangaɗi.

Abu ɗaya ne yake damun Nababa: Liang bai taɓa karɓar kofinsa ba. Duk sanda aka miƙa masa sai ya nuna sitiyari, ya girgiza kai, ya yi wani ɗan murmushi. Nababa ya rage sukari, ya ƙara lici, ya sayo kofi na musamman, duk a banza. Har ya fara zargin ko dattijon ƙyamar hannunsa yake yi.

A daminar 2008, da wasannin Olamfik da za a yi a China suka matso, biza ta yi wuya, baƙi suka ragu. Lahadin da ta biyo bayan buɗe wasannin mutum kaɗan ne a jirgin, amma Hajiya na ciki. Liang yana cike da murna, ya kafa 'yar tuta a kan rumfa. Da suka kai tsakiyar ruwa sai ya waiga hagu da dama, ya zaro wata kwalba a naɗe cikin jar takarda daga ƙarƙashin kujerarsa, ya miƙa wa Nababa da hannu biyu, ya kashe masa ido. Nababa ya warware. Giya ce, jar giya mai tsada.

Sinancin Nababa na farashi ne da lambar wando, don haka an sha wahala kafin a fahimci juna, rabi da baki rabi da hannu. Ashe tun ranar farko Liang ya ɗauka jan abin nan giya ce. Ya ga suna salla a bakin gaɓa, ya kuma ji addininsu ya hana sha, sai ya yanke cewa dokar ba ta bin mutum cikin ruwa, shi ya sa suke hayar jirginsa. Ya dafa ƙirji ya ce su kwantar da hankali, ko matarsa bai gaya wa ba.

Da Nababa ya fassara, Hajiya ta yi salati, ta saki sandar rumfa ba ta sani ba.

"Nababa, wato duk zuwan nan da nake yi, kallon mashayiya bawan Allahn nan yake mini?"

"Hajiya, ya ce ke ce ma kika fi kowa iya ɗauka."

Ta so ta yi fushi, dariya ta ci ƙarfinta. Nababa ya zazzage wa Liang kayan kula ɗaya bayan ɗaya, yana ta maimaita masa meyo, babu komai a ciki. Dattijon bai gamsu ba sai da ya kashe inji, ya kurɓa, ya zauna yana jiran abin da zai faru. Ba abin da ya faru. Ya sake kurɓa, sannan ya tambaya a tsanake, in babu komai a ciki, me yake sa su dariya da tangaɗi haka? Nababa ya nuna masa Hajiya.

An mayar masa da kwalbarsa da godiya mai yawa, shi kuma kunya ta hana shi ɗaga ido har suka koma gaɓa. Amma daga ranar ya zama ba ya tayar da inji sai an zuba masa nasa. Sai dai ya zo da sharaɗi: ba ƙanƙara, ba sukari, kuma da zafinsa, don a cewarsa abin sanyi yana ɓata ciki. Nababa ya ɗauki wannan cin mutunci ne ga zoɓo. Duk da haka ya sayi filas, kowace Lahadi ya dafa masa dabam yana gunaguni, ya kuma ƙi raɗa wa haɗin suna.

Da sanyi ya shigo a ƙarshen shekarar, mura ta kwantar da Nababa a ɗakinsa na Dengfeng. Ba shi da ƙarfin fita neman komai, sai ya dafa irin na Liang ya sha a kan gado. Ya ji daɗinsa ƙwarai, har ya ƙara kofi na biyu. Da ya warke ya koma bakin kogi, ya miƙa wa dattijon filas ɗinsa yana yamutsa fuska kamar kullum.