Inuwar Benen Sakir

Mufid, wanda kowa a garin Zarka ke kira Abu Gassan, a kan rufin gidajen mutane ya tsufa. Sana'arsa kafa gilasan nan masu zafafa ruwa da hasken rana. In ya hau rufi ba ya taɓa ƙarfe sai ya gano kudu, wadda ita ce alƙibla a garin, sannan ya kishingiɗar da gilashin yadda zai tari ranar lokacin sanyi, wadda ke bi ƙasa-ƙasa.

"Abu Gassan, gilasanka sun fi ka kallon alƙibla!" in ji maƙwabta.

"Su ai ba su da ciwon gwiwa," yakan ce.

Mafi kyawun aikinsa yana kan rufinsa, don matarsa Nuhad na fama da ciwon gaɓoɓi, ruwan ɗumi ne kaɗai ke sakar mata yatsu.

Ana nan sai Sakir, ɗan yayan Nuhad, ya sayi filin da ke kudu da su, ya fara bene. Da ginin ya kai hawa uku Mufid ya same shi.

"Ɗana, in ka ƙara sama, daga kaka har ƙarshen sanyi rana ba za ta leƙa rufina ba. Gwaggonka fa?"

Sakir ya zuba masa shayi yana dariya. "Haba Baba, rana ta Allah ce, ni na isa in tare ta? In ta kama, Gwaggo ta riƙa zuwa wanka gidana."

Hawa shida ya yi. Sanyi na shigowa inuwa ta haɗiye rufin. Mufid ya ɗaga gilashin, ya karkata shi gabas, ya mayar yamma, ya ɗora shi kan ƙarafa, ruwa dai ƙanƙara.

Bayan nan Sakir ya aiko a kafa musu gilasai a sabon benen, shi da masu hayarsa. Cinikin Mufid ya ja baya, ga kuɗin maganin Nuhad. Mufid ya karɓa. Ya so ya ɗan kauce wa kudu don haushi, hannunsa ya ƙi.

Ranar da ya gama ya tarar da Nuhad tana kokawa da tukunyar ruwan wanka a kan gas, yatsunta sun ƙi riƙewa.

"Sannu da aiki," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Matar Sakir ta bugo waya. Wai ruwansu har ƙuna yake."

Mufid ya karɓi tukunyar ya kai mata banɗaki. Bai sake karɓar aikin kowa ba.