Zangarniya a Kan Tutiya

Jiya na wuce garaji, warin ruwan batir ya bugi hancina, sai na tuna Baba a zaurensa na Birni, inda yake sana'ar zane a ƙarfe.

Shekarar da fari ya koro ni daga Hamdara da 'ya'yana, na dawo gidan Baba, wani ma'aikacin furoje, wato ƙungiyar agaji, ya kawo masa aiki. Yana son zanen da za a buga a takardun neman taimako: matacciyar saniya, haƙarƙari a waje.

Baba ya shafe farantin tutiya da kakin zuma, ya karce zane da allura, ya tsoma shi a ruwan batir. Ruwan ya yi ta kumfa yana cin inda allura ta bi. Da ya goge kakin, sai ga zangarniyar gero cike da ƙwaya.

"Malam, ba wannan na ce ba!" in ji mutumin.

"Ƙarfe ba ya mantuwa," in ji Baba. "Yunwa baƙuwa ce, ba zan zana ta jikokina su gada ba."

Mutumin ya tafi da aikinsa. Ranar nan dusa muka ci, ina ta fushi. Farin ya wuce, farantin yana ɗakina.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya suturta ka yadda ka ƙi tallar ramarmu.