Malt Ɗin Ɗankano

Duk wanda ya san Ja'afaru direba a Tandabawi ta birnin Makka ya san akwai magana ɗaya da ba a ja da shi a kanta: abin da babu shi a kasuwar Makka, ba a halicce shi ba. A unguwar aka yanke masa cibi. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya yi noma a Chadi, ya yi dako a Sudan, ya ƙetaro teku ya sauke farali, sannan ya ce shi kam ya iso gida. Ja'afaru ya gaji taurin kan tsohon, amma haƙurin ya bar masa abinsa. Mutum ne mai saurin tsaki. Yakan yi wa danja tsaki, ya yi wa shayin da ya huce tsaki, kuma duk unguwa sun san cikinsa fari ne tas.

Da dakon kayan alhazai ya fara, ya koma jan bas tsakanin Aziziyya da Arfa lokacin Hajji, daga baya ya samu aikin tuƙi a wani kamfanin gyaran injinan ruwa a Jidda. Nan aka haɗa shi da wani injiniya Bature ɗan Sikotlan mai suna Dankan. Ja'afaru ya juya sunan a baki, ya ji bai zauna ba, ya mai da shi Ɗankano. Da farko ba su jitu ba ko kaɗan. Baturen ya ce gudu ya yi yawa, Ja'afaru ya ce to ya sauka ya hau jaki. Da gurguwar Larabcin Ɗankano suke faɗan, kuma da ita suka shirya.

Abin da ya ƙulla su shi ne rasuwar mahaifin Ja'afaru. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka. A Shumaisi hanya take rabuwa, shi ya kauce ya bi ta gefe. Ranar da aka yi rasuwar, Ɗankano ya tuƙo mota da kansa har bakin iyakar, ya tsaya a gefen titi, ya aika a gaya wa Ja'afaru yana nan. Da Ja'afaru ya iso, ya tarar da shi tsaye cikin rana, fuska ta yi ja kamar gauta, hula a hannu. Bai iya kalmar ta'aziyya ba, rungume shi kawai ya yi. Tun daga ranar Ja'afaru ya ɗauke shi ɗan'uwa, kuma tun daga ranar wani abu yake ci masa rai: ga amini, amma bai taɓa taka ƙofar gidansa ba, bai taɓa zama a tabarmarsa ba.

To sai ga shi Ɗankano ya tsufa, zai koma ƙasarsu gaba ɗaya. Ja'afaru ya rantse ba zai bar shi ya tafi hannu rabbana ba, kuma ya san abin da zai ba shi. Shekara da shekaru, duk ranar da aiki ya yi zafi, Ɗankano yakan share gumi ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ah, Jafar, da zan samu singil malt!" Sau ɗaya Ja'afaru ya tambaye shi mene ne, ya yi dariya ya ce abin shan garinsu ne, da sha'ir ake yi, ba a samu a nan. Ba a samu a nan! Maganar ta tsaya wa Ja'afaru a rai. Malt ai ya sani, alhazan Najeriya da ya yi ta ɗauka ba su da magana sai ta malt mai sanyi.

Ya fara da baƙalar Awwalu, wani ɗan kanti a Aziziyya, inda alhazai ke sayayya. Awwalu ya jera masa gwangwanaye, mai tuffa, mai rumman, mai lemo.

"Duk haɗe-haɗe ne wannan," in ji Ja'afaru. "Singil nake so."

"Ya Ammi, singil ai ɗaya ke nan a Turance," in ji Awwalu, ya zaro gwangwani guda daga kwali ya ajiye masa. "Tafaddal."

Ja'afaru ya dube shi sama da ƙasa. Amincin shekaru, a sallame shi da gwangwani ɗaya kamar mai shan magani? Ya yi tsaki ya fita.

Haka ya yi ta bin shaguna. Wani ya ba shi garin da ake dama wa yara, wani ya ce ya dawo bayan Hajji. Wani tsohon Bayamane ma ya ce ko maganin basir ne. A wani babban kanti ya samu ɗan Indiya mai jin Turanci, ya maimaita masa sunan a hankali. Mutumin ya zaro ido, ya waiga hagu da dama, ya ce, "Haram, ya Hajji! Haram!"

"Yauwa, ka ji mai ilimi," in ji Ja'afaru, ya yi masa godiya. Shi a jinsa kwatance aka yi masa. Ya kama hanya sai shagunan da ke kewaye da Harami, ya bi su yana tambaya da ƙarfi, don kunnensa ya fara nauyi kuma yana zaton na kowa ma haka ne. An ce matambayi ba ya ɓata. Wanda ya faɗi haka bai haɗu da Ja'afaru ba.

Ranar Juma'a 'yarsa Basma, wadda ke aikin jinya, ta zo gaishe su daga gidan mijinta. Ta tarar da shi yana ta mita, yana cewa 'yan kasuwar yanzu ba su san komai ba sai danna waya. Ta tambayi sunan abin, ta danna tata wayar, sai ta dafe ƙirji.

"Ya Abuya! Wannan hamar ce. Giya! Wuski!"

"Ke, raba ni da shirme. Da sha'ir ake yi."

"Ai da sha'ir ɗin ake yin ta. Wallahi giya ce. A ina ka tambaya?"

Ja'afaru ya kau da kai. Matarsa Asiya, da ke yankan albasa, ta ajiye wuƙa ta ce, "Faɗa mata mana, Baban Basma. Ba kai ka ce min har bakin Harami ka je ba?"

Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Shi Ja'afaru, da furfurarsa, wanda bai taɓa ganin kwalbar giya da idonsa ba, ya zagaye Makka yana cigiyarta, har inda ake jin kiran sallar Harami a ka! Kunyar ba ta daɗe ba ta rikiɗe ta zama fushi, don shi haka yake. Ya ce Ɗankano ya cuce shi. Ya zauna a motarsa shekaru yana kiran sunan giya, shi kuma yana amsawa da "Allah ya kawo." Allah ya kawo! Ya ce halas, wato magana ta ƙare, ba kyauta, ba rakiya, kamfani su nemi wanda zai kai shi filin jirgi.

Asiya ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Mutumin nan ya taɓa sha a gabanka? Ya taɓa aikenka? Kunyarka ya ji, shi ya sa bai fassara maka ba. Kai ne ka ɗauko wa kanka, da cewa babu abin da babu a Makka." Ja'afaru ya yi tsaki, amma tsakin ba shi da ƙarfi. Asiya ta juya wurin 'yarta. "Ni dai gaya min, me ya sa suke ce mata ɗaya?"

Basma ta duba ta ce wai don daga gida ɗaya take fitowa, da sha'ir zalla, ba a gauraya ta da ta wani gida ba.

"Shi ke nan?" in ji Asiya. "To ai ni ma gida ɗaya ce."

Asiya ta iya sobiya, ruwan sha'ir ɗin nan mai kayan ƙamshi, kirfa da hel, da mutanen Makka ke buɗe baki da shi, kuma duk azumi layi ake yi a ƙofarta. Ba azumi ba ne, amma ta jiƙa sha'ir a ranar. Ja'afaru ya ce shi ba ruwansa, ya fita, ya dawo da hel mai kyau ya ajiye mata a bakin murhu.

Ranar tafiya ya ɗauki Ɗankano a Jidda fuska a murtuke. Maimakon filin jirgi sai ya miƙi hanyar Makka. Ɗankano ya ce an yi kuskure, Ja'afaru ya ce ya yi shiru, shi ne direba. A daidai wurin da suka tsaya ranar rasuwa ya faka. Ya buɗe but, ya ciro tabarmar ɗakinsa ya shimfiɗa a inuwar motar, ya ajiye kula da kofi biyu.

"Cire takalmi," ya ce. "Ba a shiga min zaure da takalmi."

Ɗankano ya cire, ya zauna da ƙyar saboda gwiwa. Ja'afaru ya zazzage masa labarin duka, da gwangwanin Awwalu da ɗan Indiya da Harami, yana yi yana nuna shi da yatsa. Baturen ya yi dariya har ya shiga tari, sannan ya kama hannunsa ya ce, "Samihni, ya Jafar," wato ya yafe masa.

"Na yafe, amma ba don halinka ba." Ya tsiyaya sobiya ya miƙa masa. "Ga singil ɗinka. Sha'ir zalla, gida ɗaya. Ka shanye yau. In ka bar ta ta kwana uku za ta koma irin taku, kuma alhakin a wuyanka."

Ɗankano ya kurɓa a hankali, ya riƙe a baki kamar yadda, ga alama, suke yi da tasu. Ya dubi hanyar da ta miƙe zuwa garin da bai taɓa gani ba.

"Daga wane gida?" ya tambaya, ko da yake ya sani.

Ja'afaru ya buɗe baki zai yi tsaki, tsakin ya ƙi fita. Ya juya kai gefe yana goge ido da bakin rawaninsa.

"Gidanka," ya ce. "Sha mana, ya shehi, za ka sa ni in makara."