Arzika Masinja da Hijabi Ruwan Ɗorawa

In ka shigo garinmu, nan tsakanin Boɗinga da Shagari, ka tambayi gidan Arzika Masinja, ko akuya ta nuna maka. Kakana ne, mahaifin babanmu. Ni ce Asiya, jikar da ya fi so. Ko in ce da, kafin wata ta zo daga birni da kekenta da fararen haƙoranta.

Tun ba a haife ni ba akwai wani kamfanin gurzar kaɗa bayan gari, auduga ke nan wajen ku mutanen gabas. Tsoho, haka nike kiran shi, shi ne masinjansu. Sunka ba shi baƙin keke mai kariya ta ɗora kaya baya, yana kai takardu ƙauyukan da ake awon kaɗa. Shekara goma sha tara yana wanga aiki. Ran da kamfanin ya mutu manya sunka kwashe abin da sunka kwashe, shi ko ya turo kekenshi gida, ba wanda yac ce mishi kawo. Yanzu ba abin da ya rage wurin sai katangu, da wani dogon tankin ruwa da tsatsa ta cinye, da jemagu.

To shi Tsoho bai daina hita ba. Kullum in an sallame la'asar sai ya ɗaure ƙafar wando da roba, ya hau. Hanya uku gare shi. Akwai zagayen tanki, wagga gajera ce, ba rami. Akwai hanyar awo, ita ka bi ta tsofaffin rumfunan da ake auna kaɗa. Sai ta fadama, mai ratsa lambunan albasa har ka hangi Danchadi, ita ce yake so kamar ranshi.

Mutanen garinmu ba su gane mutum ya hau keke ba dalili ba. Sai ka ji mace daga zaure: "Malam Arzika, ina za a?"

"Ba ko'ina."

"To don Allah miƙa min wagga daddawa gidan ɗiyata, kan hanya ne."

Sai yac ce, "Shekara goma sha tara ina kai saƙon mutane. Yanzu ƙafahuna nika kaiwa yawo, su ko ba su ɗaukar daddawa."

Ni kaɗai yake ɗauka. Tun ina shekara biyar nike zama bisa kariya, ya naɗe min tsohon buhu don kada ƙarfe ya ci ni. Shi ya nuna min inda wani bature ya taɓa hwaɗawa rijiyar lambu da hularshi. Shi ya nuna min tsamiyar da yake cin ɗumame ƙarƙashinta lokacin aiki. Duk labaran ga nawa ne, ni anka fara ba. Da na kai shekara sha biyu Inna tac ce na girma, budurwa ba ta zama bayan keke ana kallon ƙafafunta. Na yi kuka kwana biyu, ba wanda ya kula. Yau shekara bakwai ke nan.

Bara waccan yanar ido ta fara rufe mishi gani. Ba ya gane fuska sai murya, amma launi mai haske yana ganin shi. Daidai lokacin anka turo mana Malama Bahijja asibitin gari, mai yi wa jarirai allura. Ta zo da keke, jama'a! Mace, da hijabi da wani buhun wando, tana tuƙa keke cikin gari ana kallo ana salati, ita ko a jikinta. Wai iska take sha. Iskar ɗakinta ta ƙare ne?

Ban san yadda anka yi sunka ƙulla ba. Ni dai wata la'asar na ji ƙararrawa ƙofar gida, na leƙa, sai ga ta da hijabi ruwan ɗorawa, mai kashe ido.

"Baba, ka gan ni?"

"Na gan ki sarai, ɗiyata. Kamar an kunna fitila."

Ɗiyata! Ni ko sai "ke" da "sarkin baki".

Dabararsu ke nan: ita gaba, shi baya yana bin launin hijabin. In akwai rami ta buga ƙararrawa sau ɗaya, in yashi ne sau biyu. Kowa na yabo, wai Allah ya yi mata albarka. Har ta sa hanyoyin cikin wayarta, wasu malaman makaranta guda uku sunka fara biyo su ran Asabar. Wata rana na kai ɗan yayata allura, sai ga ta tana ba wata ma'aikaciya labarin bature da rijiya, tana dariya. Ni ina tsaye. Ko daidai ba ta hwaɗe shi ba, tac ce hular ta nutse. Hular ba ta nutse ba!

Nic ce wa Tsoho, "Kai yanzu duk wanda ya zo sai ka zazzage mishi komi?"

Yac ce, "To in aje su su ruɓe? Ke kin samu waya kin samu ƙawaye, yaushe rabon ki zauna nan?"

Gaskiya ya hwaɗi, shi ya sa abin ya ƙara min zahi.

Ran wata Talata na kai wa babanmu abinci lambu, ina dawowa sai na hange su tahe. Tunkiya ta gitta tsakaninsu. Ita Bahijja ta wuce, shi ko ya kauce, taya ta zame, ya tahi a hankali ya kwanta cikin fangalin albasa. Wallahi a hankali, kamar mai shirin kishingiɗa. Ya tashi yana dariya, laka har gemu. Na sheƙo da gudu, amma ta riga ni. Ita ta ɗaga shi, ita ta kakkaɓe mishi hula ta sa mishi bisa kai, har da gyara ta. Ni ina riƙe da kwano kamar 'yar kallo.

Ya ji muryata yac ce, "Asiya ce? To idonki bai gani ba. Kin san Maniru."

Maniru shi ne babanmu, kuma ya daɗe yana neman dalilin da zai raba Tsoho da kekenga.

Ni abin da na lissafa, in na hwaɗa mishi za a ce wa Malama ta tsaya asibitinta, shi ke nan. Ana idar da magariba na samu babanmu. Na ƙara gishiri, ba zan ɓoye ba. Nic ce kanshi ya bugi dutse. Nic ce ya jima bai motsa ba, ita ko tana can gaba tana danna waya.

Babanmu bai ce wa Bahijja komi ba. Da safe ya samo igiya, ya rataye keken can bisa azarar zaure.

Kwana goma sha ɗaya Tsoho bai yi min magana ba. Ba zagi, ba hwaɗa. In na kawo fura ya karɓa ya aje. La'asar na yi sai ya ɗaure ƙafar wandon nan da roba kamar kullum, ya zauna cikin zaure, ya ɗaga sanda yana taɓa tayar yana juya ta. Tuwo ma ya rage ci. Mutumin da ke tashi ba dafa ƙasa, sai ga shi yana neman bango.

Ita kuma Malamar ba ta daina zuwa ba! Sai ta yi zagayen ita kaɗai, ta dawo ta zauna bisa tabarmarshi tana ba shi rahoto: an fara cire albasa lambun su Ɗahiru, ruwa ya ja baya, reshen tsamiya ya karye. Da awa ɗaya suke yi tare, yanzu har kiran magariba. Kuma ta gan ni sai tac ce, "Asiya ƙanwata, ya gida?" Ta san ni ce na kai ƙarar. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ran na sha biyu na ga an mayar da tuwonshi ko taɓawa bai yi ba. Na ɗauki mayafi na tahi lambu. Babanmu na zaune da abokanshi suna ware albasa. Na durƙusa nic ce, "Baba, maganar Tsoho ƙarya na yi."

"Bai hwaɗi ba?"

"Ya hwaɗi, amma cikin laka, yana dariya. Ba dutse. Ita ma ba waya take dannawa ba."

"To mi ya sa ki?"

Kafin in buɗe baki wani cikinsu, Attahiru, yac ce, "Maniru, wagga ɗiya taka gidan rediyo ya kamata ka kai ta." Sunka kwashe da dariya. Babanmu bai yi dariya ba. Abin da ya hwaɗa min gaban mutane ba zan rubuta shi ba, kuma har yau in na kawo magana gida sai an tambayi wani ko haka ne.

Da la'asar babanmu ya kwance igiyar da kanshi. Yac ce zagayen tanki kaɗai, ba fadama, sai an kai shi Sakkwato an duba idon. Tsoho bai yi gardama ba. Ya shafa sirdi, ya matsa tayar baya da yatsa, sannan ya juyo wajen da nike.

"Ke. Ɗauko famfo ki buga min iska."

Na buga har hannuna ya yi ja. Ina cikin haki ƙararrawa ta yi ƙara waje, ya tura kekenshi ya bi ruwan ɗorawa, ko sannu bai ce min ba.

Ni dai kullum ina roƙon Allah a yi wa matar nan canjin wurin aiki, a kai ta can ƙarshen jiha inda ba hanya sai yashi. Amma kada a yi shi kafin a gyara mishi idon.