Kaset Ɗinmu da Hisba Ta Ƙi Kamawa

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, mu huɗu muka kafa ƙungiyar kiɗa a Ƙaura Namoda. Shugabanmu ya yi wata uku kacal a jami'a, ya dawo da jita da labarin wani salon Turawa wanda mawaƙi ke ƙwala ihu kamar an taka masa ƙafa. Ni aka ba ihun, don ban iya komai ba.

Muka naɗi waƙa takwas a wani shago kusa da injin niƙa, har ƙarar injin ta shiga kaset ɗin. Babban burinmu a haramta shi mu yi suna, daga Zurmi har Shinkafi.

Ranar kasuwa muka kunna shi a rediyo gaban wani dattijon ɗan Hisba, muka ƙure murya. Ya saurara a natse, sannan ya tambaya, "Wa aka yi wa ruƙiyya?"

Shugabanmu ya ce, "Malam, kiɗi ne."

"A'a, wanga ba kiɗi ba ne. Ku ci gaba da sana'arku."

Da ya ji ni ne mai ihun, ya yi mini addu'ar samun lafiya, ya wuce. Wannan addu'ar ta fi bulala yi mana zafi.