Ƙafafuna Sun Ƙi Daina Taka Keke

Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata huɗu ba ku ji ɗuriyata ba, har wani ya aiko yana tambaya ko kuɗi na yi na manta da mutane. Ina fa! Kwanciya na yi. Yau na fara shigowa kafen intanet, da yatsu tara da rabi nake buga muku wannan.

Ga wanda bai sani ba, ni tela ne a Nasarawa Gwom, cikin Jos. Ana saura kwana goma ƙaramar Sallah allurar keke ta shige mini manunin hagu ta cikin farce. Na yi abin da kowane tela ke yi: na ɗiga man keke, na yagi ƙyalle na ɗaure, na ci gaba da aiki. Haka ubangidana marigayi Malam Sule ya koya mana.

Kwana uku yatsa ya yi suntum. Sai zazzaɓi, sai rawar ɗari. Na ce sanyin Jos ne. Mai kemis ya haɗa mini na maleriya da taifot.

Matata Hajara ce ta fara lura. Ta ɗora tafinta a ƙirjina ta ce, "Baban Ummi, zuciyarka gudu take yi kamar kekenka. Mu je asibiti."

Na ce azumi ne da gajiya. "Kayan mutane fa? Ke za ki tare su ranar Sallah?"

Wallahi har yau ina jin kunyar wannan amsa.

A kwana na biyar, da la'asar, na faɗi a kan keke. Maƙwabcin shagona Oga Dung mai walda ne ya saka ni a motarsa. Daga nan abin da na sani biyu ne: wanda Hajara ta ba ni labari, da wanda na gani ni kaɗai.

Ta ce ɗakin marasa lafiyar da ciwonsu ya yi tsanani aka kai ni. Aka sa mini oksijin, ƙarin ruwa a hannu biyu, wayoyi a ƙirji, ga na'ura a sama tana ƙirga bugun zuciya. Likitar, wata 'yar Filato mai haƙuri, ta ce mata, "Madam, cuta ya shiga jininshi, sepsis muke kiranshi. Zuciyanshi yana buga ɗari da arba'in a minti ɗaya. Ba zai iya ci gaba haka ba."

Ni kuwa a nawa ganin ina shago. Rufin ya ɓace, hazo ya sauko daga kan duwatsu ya shigo har ƙarƙashin tebur. Ina ɗinka wani farin yadi wanda ba shi da ƙarshe, yana fita ta ƙofa yana bin titi, ya wuce unguwar Congo-Russia, ya haura Rukuba. Ba wanda ya kawo shi, ba awo, ba suna. A raina na san ko na wane ne, sai tsoro ya kama ni. Amma na kasa ɗaga ƙafa daga feda.

Aka ɗebi jinina don wani gwaji mai suna troponin. Likita ta bayyana wa Hajara cewa idan zuciya ta wahala takan saki wannan abu cikin jini, kamar yadda yadi ke sakin zare in an ja shi da ƙarfi. Oga Dung ne ya kai jinin wani ɗakin gwaji a cikin gari. Sakamakon ya dawo a sama. Likita ba ta ɓoye ba, ta ce cutar ta taɓa zuciyar, kwana biyu masu zuwa ne za su nuna.

Hajara ta ce a wurin ta zauna a ƙasa.

Ana ta yi mini allurai duk bayan awa shida, aka tsaga yatsan, daga baya aka yanke kansa. Ban san an yi ba. Ina can ina taka keke, sai ga Malam Sule a bakin ƙofa da tef a wuya, yadda na san shi. Ya ce, "Kai Lawal, sassauta ƙafa mana, za ka tsinke zare." Na ce Malam, ta ƙi tsayawa. Sai na ji wani ɗumi ya sauka a kan ƙafafuna, mai nauyi, mai daɗi. Kaɗan kaɗan keken ya rage gudu, har na fara jin kukan tsuntsaye.

Na farka Sallah ta wuce da kwana biyu. Na'ura tana nuna casa'in da wani abu. Gwajin jini na biyu ya sauko, na uku ya ƙara saukowa. Likita ta ce, "Oga tela, ka dawo."

Ciwon ya ci kekena na surfani a kuɗin asibiti, ya ci rabin yatsa. Har yanzu ina zuwa a duba zuciyar, hawan tudu kuma sai na huta sau biyu.

Na gode wa Allah. Na gode wa likita da nas-nas, da Oga Dung, da masu kayan Sallah da ba wanda ya zo ya yi mini faɗa.

'Yan'uwana teloli, man keke na keke ne. In allura ta soke ka, wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, in ya kumbura je asibiti. Zazzaɓi tare da bugun zuciya da sauri, ko haki, ko mutum ya fara sambatu, ba na kemis ba ne, kuma ba a jiran gobe. In matarka ta ce mu je, tashi ku je.

Sai da muka koma gida na ba Hajara labarin ɗumin nan da na ji. Sai ta ce ai a kan gadon asibiti ƙafafuna ba su daina motsi ba, sama da ƙasa, kamar ina kan feda. Duk sanda aka bar ta ta shiga, sai ta zauna ta rungume su a ƙirjinta.

Ta ce, "Na ce in dai ɗinki ne zai kai ka, to ni na kashe keken."